Allurar Narkar da Gudan Jini ga Tsofaffi: Me Likita Zai Iya Hasashe?



Mai martaba sarkin Kurfai da ƴan majalisarsa, shugabannin hukuma, limamai da malamanmu, likitocin gundumar Filinge, su majo, wato ma'aikatan jinya, da ungozomomi da kuka taso tun da sassafe daga asibitocin karkara, iyayenmu maza da mata, ƴan'uwa, ina gaishe ku gaisuwa ta ban girma. 

Maganata a yau kan cutar da muke kira shanyewar ɓarin jiki ce, da wata allura da ake yi domin narkar da gudan jinin da ya toshe jijiya a ƙwaƙwalwa. Tambayar da zan bi ita ce: idan maras lafiyan tsoho ne, ɗan shekara 75 ko 80 ko fiye, da me likita zai auna ko allurar za ta amfane shi ko za ta cutar da shi? Na san wani zai ce a ransa, me ya kawo wannan zance Filinge, alhali maganin yana da tsada, kuma ko a manyan biranen Afirka ta Yamma ba kowane lokaci ake samunsa ba? Ku yi mini haƙuri har mu kai ƙarshe. Za ku ga cewa rabin abin da ke yanke makomar tsohon nan a tsakar gida ake yin sa, tun kafin ya haɗu da wani likita.

Na farko, me ke faruwa a cikin kai?

Cutar iri biyu ce. Ko dai gudan jini ya toshe jijiya, wani sashe na ƙwaƙwalwa ya rasa jini, ko kuma jijiyar ta fashe, jini ya zuba a ciki. Daga waje kusan kamarsu ɗaya: baki ya karkace, hannu da ƙafa na gefe guda su mutu, magana ta sarƙe. Babu likitan da zai raba su da ido, komai gwanintarsa, sai an ɗauki hoton kai da sikana. Wannan rabewa kuwa ita ce komai, domin allurar da ke ceton mai toshiya tana iya kashe mai fashewa.

A Turai da Amurka toshiya ce ta fi yawa da nisa, wajen kashi 85 cikin 100. A yankinmu lissafin ya bambanta. Babban binciken nan mai suna SIREN, wanda aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, aka buga sakamakonsa a 2018, ya duba mutum fiye da 2,000 masu wannan cuta. Kusan ɗaya cikin uku fashewa ce. Matsakaicin shekarunsu 59, kuma hawan jini, wato tansiyo, shi ne kan gaba a cikin dalilai, babu na kusa da shi.

Idan toshiya ce, ƙwaƙwalwa ba ta mutuwa gaba ɗaya nan take. Masu lambu a cikin kwarin Dallol sun san abin da ke faruwa idan laka ta toshe hanyar ruwa: fangalin da ruwa ya yanke masa ɗungum shi ke fara ƙonewa, na gefe da ke samun ɗan danshi daga maƙwabta sai ya yi yaushi yana jira, in an buɗe hanyar da wuri ya farfaɗo, in an makara ya bi ɗan'uwansa. Wannan sashe mai yaushi shi allurar ke nema ta ceta. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ta toshe, mutum yana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa wajen miliyan 1.9 a kowane minti.

Na biyu, ita kanta allurar.

Sunanta alteplase. Ana auna ta da nauyin mutum, miligiram 0.9 a kowane kilo, ba a wuce 90, a tura kashi ɗaya cikin goma nan take, sauran ya bi ta jijiya cikin awa guda. Akwai ƙanwarta, tenecteplase, da ake yi sau ɗaya tak, kuma ƙasashe da yawa sun fara komawa kanta. Gwajin da ya buɗe ƙofa an yi shi a Amurka, aka buga a 1995, a kan mutum 624 da aka kai asibiti cikin awa uku. Waɗanda suka sami allurar sun fi tashi da ƙafafunsu bayan wata uku. Amma an ga farashin tun a wannan gwaji: kashi 6.4 cikin 100 sun sami zubar jini a kai, alhali a cikin waɗanda ba a yi wa ba, kashi 0.6 ne kawai. A 2008 wani gwaji na Turai ya nuna ana iya kai wa awa huɗu da rabi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa alteplase cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Na uku, yadda aka ajiye tsofaffi a gefe, da yadda aka dawo da su.

Lokacin da Turai ta ba da izinin maganin a 2002, an sa sharaɗi cewa kada a yi wa wanda ya haura 80. Gwajin 2008 ma bai ɗauki kowa sama da 80 ba. Dalilin tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe: jijiyoyin tsoho sun yi rauni, zuciyarsa takan yi bugun da ba daidai ba, sau da yawa yana shan magunguna barkatai. Likitoci suka duba alƙalumansu, suka ga tsofaffin da aka yi wa allura sun fi samari mutuwa, suka ce to a bar su. Amma ku lura da tarkon da ke cikin wannan tunani. Tsoho ya fi saurayi mutuwa daga wannan cuta ko an yi masa allura ko ba a yi ba. Da wa ya kamata a kwatanta shi? Da tsoho sa'ansa wanda bai samu ba.

Wannan kwatanci shi masu bincike na jami'ar Edinbara suka yi a gwajin da ake kira IST-3, wanda ya fito a 2012. Mutum 3,035, kuma fiye da rabinsu sun haura 80. A makon farko, waɗanda aka yi wa allura sun fi mutuwa, kashi 11 a kan kashi 7. Bayan wata shida kuwa mutuwar ta zo daidai, kashi 27 kowane ɓangare, kuma amfanin maganin bai ragu ba saboda tsufa. Ya fi bayyana ga waɗanda aka kai cikin awa uku.

A 2014 aka haɗa gwaje-gwaje tara wuri guda, mutum 6,756, cikinsu 1,729 sun haura 80. Ga abin da nake so kowa ya tafi da shi. A cikin tsofaffin da ba a yi wa allura ba, wajen 13 cikin 100 suka warke sarai ko kusan haka. A cikin waɗanda aka yi wa, kusan 18. Ga ƴan ƙasa da 80 kuwa, 34 ne ya koma 39. Kun ga tsoho ya faro daga ƙasa, amma ƙarin da ya samu bai gaza na ɗansa ba sosai. Zubar jini mai kisa a makon farko ta sami kusan 3 cikin 100 na duk waɗanda aka yi wa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk likitan da ya ɓoye wa iyali shi ya ci amana. Amma a ce wa mutum an hana mahaifinsa magani don kawai ya tsufa, wannan hujja ta faɗi tun 2014.

Na huɗu, ma'aunan hasashe. A nan zan ɗan daɗe, domin su majo ne za su fi aiki da shi.

Ma'auni na farko shi ne nauyin cutar, ana kiransa NIHSS, daga 0 zuwa 42. Ba ya bukatar na'ura. Ka tambayi maras lafiya wane wata ake ciki, da shekarunsa. Ka ce ya rufe ido ya buɗe, ya dunƙule hannu. Ka ce ya nuna haƙora, ka dubi wane gefen baki ya ƙi motsi. Ka ɗaga masa hannu, ka saki, ka ƙirga goma: ya tsaya, ko ya sauko a hankali, ko ya faɗi yaraf? Ƙafa kuma ka ƙirga biyar. Ka nuna masa abu ya faɗi sunansa. Wanda ya saba, minti bakwai ko takwas sun ishe shi. Bincike da yawa ya nuna wannan lamba ta fi kowace faɗin abin da zai biyo baya, ta fi shekaru ƙarfi.

Na biyu shi ne yadda mutum yake kafin cutar, kuma da shi ake auna sakamako bayan wata uku. Asalinsa daga wani likitan Gilasgo ne, John Rankin, a 1957, yanzu yana tafiya daga 0, lafiya lau, zuwa 5, kwance sai an juya shi, 6 kuma rasuwa. A gidajenmu tambayoyin a bayyane suke. Baba ya yi noma da hannunsa a daminar bana? Yana zuwa masallaci da ƙafarsa ko sai an riƙe shi? Inna tana kama ruwa da kanta, tana zuwa kasuwar Lahadi? Tsohon da ke hawa amalanke ya tafi gona yana da shekara 82 ya fi ɗan 68 da ya shekara biyu a kan tabarma damar tashi.

Daga waɗannan biyu da kuma shekaru masana suka gina lissafi iri-iri. Mafi sauƙi shi ne SPAN-100: ka haɗa shekaru da lambar nauyin cuta, in sun kai 100, to al'amarin ya yi tsanani. Ɗan 82 mai lamba 20 ya kai 102. Ɗan 82 mai lamba 7 yana 89, hanyarsu daban. Wani kuma, DRAGON, an gina shi a Helsinki ta ƙasar Finlan a 2012, a kan mutum 1,319 da aka yi wa allurar. Maki goma ne, daga abu shida: alamun da sikana ta nuna, halin mutum kafin cutar, shekaru, sukarin jini idan ya haura 8, ko an wuce minti 90 kafin allura, da nauyin cutar. A cikin masu maki 0 ko 1, kashi 96 cikin 100 sun koma riƙe kansu. A cikin masu 8 zuwa 10, babu ko ɗaya. Akwai kuma SEDAN, daga gari ɗaya, wanda ke auna haɗarin zubar jini.

To yanzu ku ɗauki dattijo daga Bonkuku ko Shikal ku sa shi a kan DRAGON. Ya kai 80, maki biyu. Zai isa ga allura cikin minti 90? Babu hali, ƙarin maki ɗaya. Kafin kowa ya taɓa shi yana da uku, kuma ɗaya daga ciki hanya ce ta ɗora masa.

Na biyar, inda ma'aunan suka tsaya.

Mutanen Helsinki duk an yi musu allura. Saboda haka lissafinsu yana iya gaya maka cewa wannan tsoho yana cikin haɗari, amma ba zai gaya maka abin da zai same shi in ka hana shi ba. Masu IST-3 sun gwada wannan a 2014, da yake su suna da ɓangarori biyu. Suka tarar ko waɗanda lissafi ya nuna sun fi haɗarin zubar jini ko mummunan sakamako, a dunƙule allurar ta amfane su. Ni dai ra'ayina a fili yake: waɗannan ma'aunai na zama ne da iyali a gaya musu gaskiya, su shirya zukatansu da aljihunsu. Likitan da ya mayar da su ƙofar da zai rufe wa tsoho ya ɗora musu aikin da ba a gina su dominsa ba. Abin da ke hana allura daban ne, kuma an san shi: jini a hoton sikana, tiyata ko mummunar buguwa a kai kwanan nan, maganin tsinka jini irin warfarin da ke aiki a jiki, tansiyon da ya ƙi sauka ƙasa da 185 a kan 110, da wucewar lokaci.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai. Shekarun iyayenmu da yawa ƙiyasi ne. Ku duba katin ɗan ƙasa na duk wanda aka haifa kafin 1960, sau nawa za ku ga an rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza, babu rana babu wata? Ma'aunin da ke raba ɗan 79 da ɗan 80 ya zaci akwai takardar haihuwa. Haka tambayar wata: dattijuwa za ta ce maka watan Azumi ne ko watan Sallah, kuma ta faɗi daidai, kada ka rubuta mata kuskure don ba ta ambaci watan boko ba. Ga harshe. A gundumar nan akwai mai Hausa, mai Zabarmanci, mai Buzanci, mai Fulatanci. Idan ka gwada maganar Bafulatana da Hausar da ba ta ji sosai, za ka ba ta makin sarƙewar harshe da ba nata ba, cutarta ta yi nauyi a takarda fiye da yadda take a jikinta. A nemo jika ko ɗiya ta tsaya a tsakani.

Mun kuma san rai a hannun Allah yake. Abin da likita ke yi ƙiyasi ne daga abin da ya sami mutum ɗari masu irin wannan hali. Wane ne cikin ɗarin zai tashi, wannan ba ya cikin saninsa, kuma ya kamata ya faɗa wa iyali haka da bakinsa.

Na shida, agogo da hanya.

Awa huɗu da rabi minti 270 ne. Daga nan zuwa Yamai, inda muke nufa domin sikana, ko a Babban Asibitin Ƙasa ko a babban asibitin da aka buɗe a 2016, kusan kilomita 180 ne ta Baleyara. A ce awa uku in hanya ta yi kyau. A can kuma, ko a asibitin da ya ƙware, ana ba da awa guda tsakanin shiga ƙofa da allura. Me ya rage wa gida? Rabin awa. Wanda ya taso daga ƙauye kuwa, ko cutar ta same shi da dare a wannan hali na tsaro da muke ciki, ko wannan rabin awar ba shi da ita.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Baba ya fito alwalar azahar, buta ta suɓuce daga hannun dama, ya sunkuya zai ɗauka ya kasa. Aka kama shi aka kwantar a zaure. Wani ya ce iska ce ta buge shi. Aka aika a kira babban ɗa daga gona, domin ba mai yanke shawara sai shi. Aka dama fura, aka ɗaga kansa ana ɗura masa, yana tari, ana cewa ya daure ya sha. Da la'asar aka fara neman mota. Kowa a gidan nan ƙauna ce ta sa shi yin abin da ya yi. Amma lokacin allura ya wuce, kuma furar nan da ta bi ta maƙogwaron da ya shanye ta sauka a huhu, bayan kwana uku zazzaɓi ya tashi. Ciwon huhu irin wannan na cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar jiki a makonnin farko.

Malamanmu, addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota. Roƙona shi ne kada a ba shi komai ta baki, ko ruwan rubutu, sai ma'aikacin lafiya ya gwada haɗiyarsa.

Wani abu kuma: agogon yana farawa daga lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe. Wanda ya kwanta bayan isha'i ya farka da asuba a shanye, lissafinsa daga isha'i ne, sai fa inda ake da hoton MRI da zai nuna cutar sabuwa ce, kamar yadda wani gwaji na Turai ya tabbatar a 2018. Don haka wanda ya ga faruwar abin shi ya kamata ya shiga motar, ko da yaro ne, tare da ledar magungunan da tsohon ke sha.

Na bakwai, abin da nake roƙo.

Ga su majo: ku rubuta lokaci da awa da minti. Ku auna sukari nan take, domin faɗuwar sukari tana kwaikwayon wannan cuta kuma tana warkewa cikin mintuna. Ku auna tansiyo, amma kada ku fyaɗa shi ƙasa da gaggawa. Kada ku ba da asfirin kafin sikana, ku tuna ɗaya cikin uku a yankinmu fashewa ce. Ku buga waya Yamai tun motar ba ta tashi ba. Kuma ko lokacin allura ya wuce, kada ku ce wa iyali babu abin yi: gwajin haɗiya, juya maras lafiya, sauke zazzaɓi, motsa gaɓoɓi da wuri, duk suna ceton rai da ƙafa.

Ga hukumar lafiya ta gunduma: a buɗe littafi guda. Kowane mai shanyewar jiki a rubuta shekarunsa, lambar nauyin cutarsa, sukari, tansiyo, awa nawa ya yi kafin ya iso, sannan a kira iyalinsa a waya bayan wata uku a ji yana tafiya ko yana kwance ko ya rasu. Cikin shekara biyu ko uku za mu sami alƙaluman Kurfai da za mu kai gaban mahukunta mu nemi sikana kusa da mu, da motar marasa lafiya mai man fetur a tanki, da tanadin allurar a asibitocin Yamai a farashin da talaka zai iya.

Ga iyayenmu da ƴaƴansu: duk wanda ya haura arba'in ya riƙa auna tansiyo, wanda aka ɗora a kan magani kada ya bari don ya ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙulen miya, a yawaita ganye irin zogale, domin binciken SIREN ya nuna masu cin ganye kullum sun fi tsira. Kuma kowane gida mai tsoho ya yanke shawara tun yau: idan baki ya karkace, wa ke da izinin ɗaukarsa ba tare da jiran kowa ba, kuma motar wa za a kira.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu, da Hausa ko da Zabarmanci, akwai mai fassara, kuma ina roƙon a fara ba iyayenmu mata dama, domin su ne ke jinyar waɗannan marasa lafiya a gida.